Jirgin Ƙasa Kayan Wa Ne? Jawabin Baƙuwa Mai Jawabi a Taron Cikar Ƙungiya Shekara 20

Hajiya shugaba, uwayen ƙungiya, ma'aji da sakatariya, iyayena da yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya ƙara haɗa kanku, ya jiƙan waɗanda aka fara tafiyar nan da su ba su kai yau ba.

Da sakatariya ta zo gida ta kawo mini takardar gayyata, na ce mata a kan jirgin ƙasa zan yi magana. Sai ta yi dariya ta ce, "Anti, me ya haɗa masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da jirgin ƙasa?" Na ce ai ku kuka haɗa. Ba ni da aka gayyata babban taronku na ƙarshen shekara don in duba littattafan kuɗi ba? Ina zaune kuka rabu gida biyu. Wasu suka ce a ci bashin banki a sayi babbar mota, a riƙa kai mai da busasshen tumatir Legas ba tare da an roƙi kowa ba. Wasu suka ce a'a, ga sabon layin dogo nan ana ginawa daga Kaduna zuwa Kano, zai bi ta nan Zariya, gara a sayi fili kusa da inda tasha za ta zauna a gina sito. Aka tashi ba a yanke ba. To kuɗin da ake magana a kai tarin shekara 20 ne, kuɗin adashi da na zubi, wasu ma na marayu. Shi ya sa na ga ya kamata mu san jirgin nan da ake jira: wa ya mallake shi, wa ke biyan kuɗinsa, kuma me yake kawowa.

Ni 'yar reluwe ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, makanike ne a loko, a kwatas ɗin reluwe na Sabon Gari aka haife ni. Da kukan jirgi muke sanin lokacin tashi makaranta. Saboda haka idan kun ji na ɗan zafafa, ku yi mini uzuri.

Mu fara da tushe. Turawan mulkin mallaka ne suka soma shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901. Ta nan Arewa kuma aka taso da wani layin daga Baro, a bakin Kogin Kwara, ya iso Kano a 1911. A 1912 aka haɗe su, jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Legas da Kano. Daga nan aka yi ta ƙari: layin Fatakwal da ya bi ta Inugu saboda kwal, ya haɗu da namu ta Kafanchan, reshen da ya tashi daga nan Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930. Na ƙarshe shi ne wanda ya kai Maiduguri a 1964, kuma da rancen Bankin Duniya na 1958 aka yi shi. Duka duka tsohon layin ya kai kilomita 3,505. Ku lura, ba wani attajiri ne ya zuba kuɗinsa ba. Tun ranar farko da kuɗin gwamnati da bashi aka gina shi, wato da harajin kakanninmu.

Ga abin da nake so ku riƙe daga wannan tarihi. Turawa auduga suke hange, don masaƙunsu na Ingila. Amma da jirgi ya iso Kano, manomi ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ga shi idan shekara ta yi tsanani yana iya cinta. Cikin shekara biyu gyaɗa ta cika tasha har aka rasa taragon ɗaukarta. Daga baya aka riƙa jera buhuna ana jiran jirgi, shi ne dalar gyaɗan da kuke gani a hotuna, wadda ake dangantawa da su Alhassan Ɗantata. Kafin jirgi, ba wanda zai ɗora gyaɗa a jaki ya kai ta bakin teku ya ci riba. Goron da fatake ke shafe watanni suna ɗaukowa daga Gwanja, sai ga shi yana isowa daga ƙasar Yarabawa cikin 'yan kwanaki, da ɗanyensa. Shanu suka daina tafiya ƙasa suna ramewa a hanya. Garuruwa irin su Kafanchan da Nguru da Funtuwa jirgi ne ya raya su. Matan da ke sayar da fura da dafaffen ƙwai da rake a bakin tasha, da yawansu da wannan suka aurar da 'ya'ya. Kun ga ke nan ribar jirgi ba a tagar sayar da tikiti take ba. Tana gona, tana kasuwa, tana cikin tukunyar mai tuwo.

To me ya faru har ciyawa ta rufe layi? A 1955 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, mallakar gwamnatin tarayya ita kaɗai. A 1964 jiragenta sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan aka fara gangarowa. Yaƙin basasa ya lalata layin gabas. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka kashe babban kayan da jirgi ke ɗauka. Kuɗin man fetur ya shigo, aka karkata ga shimfiɗa kwalta, man mota kuma ya yi arha saboda tallafi, sai tirela ta ƙwace kaya. Shi kuma layin an bar shi yadda Bature ya bar shi, matsattse, mai yawan kwana, ba a sauya tsofaffin ƙarafa ba, ba a sayi kayan gyara a kan kari ba. An kawo Indiyawa sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abu ya ɗan farfaɗo, suna tafiya ya koma. A 1995 aka ba wani kamfanin China kwangilar gyara. Sai a ƙarshen 2012 jirgin fasinja na Legas zuwa Kano ya dawo bayan shekaru yana kwance.

Wannan labari ba baƙo ba ne a wurinku. Wace ce a cikinku ba ta san ƙungiyar da aka ba injin niƙa kyauta, aka yi biki aka yanka kintinkiri, ana samun kuɗi ana rabawa kakaf, ranar da bel ya tsinke aka rasa na sayen wani? Ku abin da ya cece ku shi ne tun farko kuka ware kason gyara, ko an yi gunaguni ba a taɓa shi. Jirgin ƙasa injin niƙa ne babba. Sayensa da wuya, amma riƙonsa ya fi wuya.

Yanzu mu zo kan kuɗin da ake kashewa a zamanin nan. An gina sabon layi mai faɗi daga Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, aka buɗe shi a watan Yulin 2016. Ya ci sama da dala miliyan 800, a ciki dala miliyan 500 bashi ne daga wani bankin gwamnatin China. An buɗe na Itakpe zuwa Warri a 2020, bayan ya shafe sama da shekara 30 ana aikinsa. An buɗe na Legas zuwa Ibadan a 2021, kilomita 157, wanda ya ci kimanin dala biliyan ɗaya da rabi, shi ma mafi yawansa bashi. A wannan shekarar ta 2021 aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano, wanda kuke jira, da kuma na Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, kilomita 284, da zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi don a gina abin da zai yi shekara 100 yana aiki ba laifi ba ne. Amma ke ma'aji, tsaya ki ji wannan. Da dala aka ci bashin, da dala za a biya, tikiti kuwa da naira ake sayarwa. Lokacin da aka fara aikin layin Abuja zuwa Kaduna a 2011, dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba. A 2024 ta haura naira 1,500. Wato bashin yana nan yadda yake a takarda, amma nauyinsa a kanmu ya ninka sau da yawa. Kuɗin tikiti ba zai biya shi ba, daga baitulmali ake cira. Baitulmali kuwa shi ne harajin da kike biya a katin waya, da wanda ke cikin kuɗin sabulu da siminti, da kuɗin man da ya kamata ya je asibiti da makaranta. Tsohuwar da ke Giwa ko Soba, wadda ba ta taɓa ganin cikin sabon jirgin ba, ita ma tana cikin masu biya.

Kada ku ce na zo kushe ne. Duk wadda ta bi hanyar Abuja a shekarun da ake tare mutane da rana tsaka ta san abin da jirgin nan ya yi wa jama'a. Ni kaina na shige shi, na isa lafiya cikin kamar awa biyu da 'yan mintoci, na gode wa Allah. Kuma ba mu manta da daren 28 ga Maris 2022 ba, da aka kai wa jirgin hari aka kashe bayin Allah aka kwashi wasu zuwa daji. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Jirgin bai dawo aiki ba sai a watan Disamba. Wata takwas ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba, bashi kuwa bai san da hutu ba. Ashe tsaro ma yana cikin kuɗin riƙon jirgi.

Babbar damuwata ita ce wannan: mun mai da hankali kan kujerar fasinja mai sanyi, mun bar taragon kaya. Alhali kaya ne ke ciyar da jirgi tun zamanin gyaɗa. Tirela ɗaya buhun siminti 600 take ɗauka, tan 30. A ce jirgi ya ja tarago 20, kowane da kayan tirela guda, kun ga an cire tirela 20 daga kan titi da kan jirgi ɗaya. Man da za a ƙona ya ragu, kwalta ta huta, haɗari ya ragu, ba shingen da za a tsaya a miƙa na goro. Kun fi ni sanin kwandon tumatir nawa ke ruɓewa tsakanin nan da kasuwar Mile 12 idan mota ta lalace a hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kun ga yadda kuɗin mota ke cinye ribar jarka. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, akwai ta Dala a Kano da ta Funtuwa. Amfaninsu shi ne kwantena ta taso daga bakin teku a jirgi ta sauka a ƙofarmu. Idan jirgin kaya ba ya zuwa a kai a kai, sun zama rumbu ba hatsi.

Saura tambayar da na fara da ita: wa ya kamata ya riƙe shi? Akwai masu cewa gwamnati ba ta iya kasuwanci ba, a sayar wa 'yan kasuwa kowa ya huta. Akwai masu cewa kayan al'umma ne, ba a sayarwa. Mu leƙa gidan maƙwabta. Ingila, inda aka haifi jirgin ƙasa, ta cefanar da nata a tsakiyar shekarun 1990. Kamfanin da aka ba layin ya durƙushe a 2001, layin ya koma ƙarƙashin kulawar hukuma, a 2024 kuma suka yi dokar mayar da jiragen fasinja hannun gwamnati. Kenya da Uganda sun ba wani kamfani hayar nasu a 2006 na shekara 25, ba a kai rabi ba aka soke yarjejeniyar a 2017 saboda bai cika alkawari ba. A ɗaya gefen kuma, Japan ta raba nata gida-gida a 1987, kamfanonin da ke yankunan da jama'a suka yi yawa suna cin riba har gobe, na yankunan da ba mutane sosai kuwa sai da tallafi. Maƙwabciyarmu Kamaru ta ba kamfani haya tun 1999, jirginsu na kaya yana aiki tsakanin Duwala da Ngaundare, amma gwamnati ba ta zare hannu daga zuba kuɗi a layin ba.

Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, sunan mai kaya kaɗai ba ya gyara komai. An ga gwamnati ta lalata, an ga ɗan kasuwa ya lalata. Ra'ayina, kuma kuna iya saɓa mini, shi ne layin kansa ya zauna hannun gwamnati kamar yadda titi yake, don ba ɗan kasuwar da zai shimfiɗa ƙarfe zuwa Nguru ya jira shekara 30 kafin ya ga uwar kuɗinsa. Amma tarago da jigilar kaya, a buɗe ƙofa masu jari su shigo su biya kuɗin bin layi, kamar yadda mai mota ke bin titin da ba shi ya gina ba. Da sharaɗi guda: littafi a buɗe. Nawa aka ranto, nawa aka biya, nawa ya shigo, tan nawa aka ɗauka. Ku nan duk shekara ma'aji na tsayawa gaban kowa ta karanta shiga da fita har kwabo. Ranar da ta ƙi, kun san abin da za ku yi. Me zai sa mu nemi ƙasa da haka a kan abin da ya ci biliyoyin daloli da sunanmu?

Akwai kuma sabon abu da ya kamata ku sani. A watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, yanzu jihohi ma suna da ikon gina layin dogo da gudanar da shi, ba tarayya kaɗai ba. Wannan dama ce, kuma tarko ne. Idan kun ji gwamna ya ce zai yi jirgi, kafin a yi guɗa a tambaye shi: daga ina zuwa ina, me zai ɗauka, da kuɗin wa, kuma wa zai gyara shi bayan ka sauka?

To, Hajiya shugaba, na dawo kan muhawararku. Ba ni zan yanke muku ba, amma ga shawarar 'yar'uwa. Na ɗaya, kada ku sayi fili a kan ji-ta-ji-ta. Duk inda aka ce tasha za ta zauna, dillalai sun riga ku isa, wani filin ma an sayar da shi sau uku. Ku tura wakilai ofishin filaye su ga taswira da idonsu, su tabbatar ba ya cikin iyakar da aka keɓe wa layi. Kuma ku tambaya ko tashar tana da wurin lodin kaya, don tashar fasinja zalla ba za ta ɗauki jarkarku ba. Ku tuna layin Itakpe: aikin gwamnati yana da ranar farawa, ranar gamawa sai Allah. Kada ku binne kuɗin juyawa a abin da ba ku san ranar da zai fara haihuwa ba.

Na biyu, mota ba abokiyar gabar jirgi ba ce. Ko jirgi ya zo gobe, ba zai shiga ƙauye ya ɗauko gyaɗa ba, sai mota ta kai masa tasha. Saboda haka idan za ku saya, ku yi tunanin matsakaiciya wadda za ta yi muku aiki yau tsakanin ƙauyuka da kasuwa, ta kuma yi muku gobe tsakanin sito da tasha. Ta fi gingimarin da za ku ci bashi mai kuɗin ruwa a kanta, ta tafi Legas da kaya ta dawo wayam. Ku lissafa taya da direba da mai da gyara kafin ku sa hannu.

Na uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jirgi ba ya tsayawa don jarka 50. Amma idan ƙungiyoyin mata goma na Zariya da Funtuwa da Makarfi suka haɗa kaya suka cika tarago guda duk mako biyu, to sun zama abokan ciniki da za a saurara. Wannan haɗin tun yanzu za ku fara shi, ku gwada da hayar tirela ɗaya tare, ku koyi auna kaya da rubuta su da raba kuɗin jigila. Ranar da jirgin kaya ya daidaita, ya same ku a shirye.

Na huɗu, mu yi magana da 'ya'yanmu. Ana kama samari suna kwance ƙarafan layi suna sayar wa 'yan gwangwan. Suna cewa kayan gwamnati ne, ba na kowa ba. Ku gaya musu ƙarfen nan bashinsa na kan wuyansu, har 'ya'yansu za su biya. Masu baza kaya a kan layi su ma a ja musu kunne, jirgi ba ya taka birki kamar Keke Napep.

Na ƙarshe, lokacin zaɓe 'yan takara za su zo da atamfa da taliya. Ku karɓa in kun ga dama, amma ku sa sakatariya ta miƙe ta tambayi mai neman kujerar majalisar tarayya: yaushe jirgin kaya zai riƙa tashi daga Zariya a kan tsayayyen lokaci, kuma nawa ne kuɗin tarago? Ƙuri'a ɗari uku da ke zaure ɗaya ba a raina tambayarta.

Mahaifina yakan dawo gida hannunsa baƙi ƙirin da mai, idan muka tambaye shi jirgin wa ya gyara yau, sai ya ce, "Naku." Muna yara muna ɗauka wasa yake yi. Sai da na fara aikin duba littattafan kuɗi na gane lissafi yake gaya mana.

Ina taya ku murna. Allah ya sa albarka a jarinku, ya ba ku ikon yanke shawarar da za ta amfane ku da 'ya'yanku, ya mai da kowa gidanta lafiya.